Kwalba ta yi kyau, fuska ta yi toka: kayan kwalliyar da ke ba mu kunya a Makka da Jidda

Kayan kwalliyar da suka fi ƙona wa mace rai su ne waɗanda ta tara wa kuɗi. Na shagon kayan araha na Abu Riyalain in ya ƙi, a jefa shi a shara a wuce wurin, dama ba a sa masa rai ba. Amma wanda aka daɗe ana gani a Snapchat a fuskar mai talla, aka shiga mol aka zube riyal ɗari biyu da ɗoriya, aka zo da shi gida a jakar takarda mai igiya, sannan ranar biki tun kafin a fito da amarya goshi ya hau ƙyalli, ƙasan ido ya tsattsage, haɓa ta yi furu-furu, wannan shi ne mai ciwo. Sai mace ta koma zargin kanta, ko ban iya shafawa ba, ko fatata ce ba ta karɓar kwalliya. 'Yar'uwa, galibi fatarki lafiyarta ƙalau. Kayan ne aka haɗa don wata fata da wani gari, kuma sunan da ke gaban kwalba ba zai gaya miki haka ba. Rubutun da ke bayanta ne ke faɗa, sai kuma fuskarki bayan awa huɗu.

A fara da fandeshan, don a nan kuɗi ya fi salwanta. Kusan kowane fandeshan, mai tsada da mai araha, da launi huɗu ake haɗa kalarsa: fari, rawaya, ja da baƙi. Farin shi ne Titanium Dioxide, lambarsa CI 77891. Sauran ukun dangin tsatsar ƙarfe ne, CI 77492 rawaya, CI 77491 ja, CI 77499 baƙi, za ki gan su jere a ƙarshen jerin sinadarai. Farin shi ke rufe tabo, shi ya sa kamfani ba ya son rage shi. A farar fata ba ya nunawa. A tamu kuwa, daga wankan tarwaɗa zuwa baƙa, da ya ɗan yi yawa sai ya zauna a sama kamar an busa wa fuska toka. Kamfanin da bai damu da mu ba yakan ɗauko haɗin farare ya ƙara masa baƙi ko ja, ya ce ga na baƙaƙe. In baƙin ya rinjaya fuska ta dushe, ta yi duhu marar rai. In jan ya rinjaya ki fito jajir, wuyanki kuma yana nan yadda Allah ya yi shi.

Wannan kukan ba namu ne mu kaɗai ba. A 2017 Fenty Beauty ya fito da kala 40 a tashin farko, aka wawashe masu duhun, sauran kamfanoni suka farga cewa ashe akwai kasuwa. A farkon 2018 Tarte ya fito da fandeshan Shape Tape kala 15, masu duhun ba su wuce biyu zuwa uku ba, surutu ya yi yawa har sai da ya ba da haƙuri. A 2024 Youthforia ya fitar da kala mai lamba 600, aka duba sinadaransa aka ga baƙin launi kaɗai ke ciki, ba ja ba rawaya, alhali babu ɗan Adam da fatarsa take baƙa zalla. Ko kamfanin da ke da kala 50 a takarda, ba lallai reshen da ke kusa da ke ya ajiye su duka ba. Sau da yawa jerin yana tsayawa ne daidai inda fatarmu ke farawa, mai jiran kanti kuma ba ta son ki fita hannu rabbana, sai ta miƙo miki mafi kusa ta ce wannan zai haska ki. Da kin ji wannan kalmar ki ajiye shi. Fandeshan da ya fi fatarki haske ba ya haskawa, fari yake yi a sama, kuma kowa a zauren zai ga iyakarsa a gefen kunne.

Mu kuma a nan muna da wata matsala tamu: bayan Isha'i muke fita sayayya. Babu rana, sai fitilun kanti da aka tsara don kowa ya yi kyau a madubi. Don haka kada ki yanke shawara a daren. Ki zaɓi kala uku da suka fi kusa da ke, ki roƙi a ɗiga miki kaɗan-kaɗan a 'yar roba, manyan kantuna da dama suna yi in an tambaya. Washegari da hantsi, a wankakkiyar fuska, ki ja layi uku a gefen muƙamuƙi, daga kunci zuwa saman wuya, ki tsaya a bakin taga. Kada ki gwada a bayan hannu. Mai abaya da niƙabi hannunta ya fi fuskarta shan rana, kalarsu ba ɗaya ba ce. Ki bar layukan su yi rabin awa, domin ruwan da ke cikin fandeshan yana tashi, maiƙon fata kuma ya jiƙa launin, sai ki ga wanda ya yi daidai da farko ya ƙara duhu ko ya karkata zuwa ruwan lemo. Wanda ya ɓace a fata bayan rabin awa shi ne naki. In babu, to babu naki a wannan kamfanin, ko da kuwa duk ƙawayenki shi suke sha'awa.

Haruffan da ke gaban lamba ma suna ruɗa mutane. A yawancin kamfanoni W na nufin fatar da ta karkata ga ruwan zinare, C wadda ta karkata ga ja-ja, N tsaka-tsaki. A wurin MAC abin a juye yake, NC ne na masu ruwan zinare, NW na masu ja-ja. Wadda ta saba da NC45 ta je wani kamfani ta ce a ba ta mai C, ta sayo kishiyar abin da take nema.

Zafi, niƙabi da alwala

Fandeshan da ya yi kyau a fuskar mai talla a ɗaki mai sanyi da fitila zagaye a gabanta, bai taɓa tsayawa jiran mota a Shari' Mansur na Makka a watan Yuli ba. A Makka zafin bazara yana wuce digiri 40 kusan kullum. Jidda ba ta kai haka ba, amma damshin teku ya hana gumi bushewa, sai ya kwanta a fuska. Daga nan kuma a shiga ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke busar da fata. Duk abin da aka rubuta masa Dewy, Glow ko Luminous mai da sinadarin riƙe ruwa ne suka yi masa yawa. A Madina ko Riyad lokacin sanyi yana da daɗi, a Jidda da rani kuwa awa biyu ba ya yi zai fara zamewa daga gefen hanci. Wanda ke jure gumi shi ne mai sinadarin da ke bushewa ya bar siririn rufi a kan fata. Ki nemi Trimethylsiloxysilicate ko wani suna mai Acrylates a rabin farko na jerin.

Yawan shafawa ma yana kashe kaya mai kyau. Matsa ɗaya, kamar girman ƙwayar wake, ya ishi fuska gaba ɗaya. A fara daga tsakiya a baje zuwa gefe, inda tabo yake a ƙara ɗigo a danna da yatsa, ba a sake lulluɓe fuskar duka ba. Tsakanin man fuska da fandeshan a bar minti biyar zuwa goma. In an yi gaggawa, ko an jera abu huɗu biyar a kan juna, sai ki ga suna murmushewa suna fita 'yan dunƙule-dunƙule a ƙarƙashin soso, a ɗora wa fandeshan laifi alhali jerin ne ya yi kauri.

Mai sa niƙabi ta juya cikinsa bayan ta dawo gida, za ta ga rabin kuɗinta a nan: zanen hanci da haɓa da kunci, ruwan ƙasa a kan baƙin yadi. Babu fandeshan da ba ya gogewa in yadi yana gugarsa ga gumi, ko me aka rubuta a kwalin. Abin da ke rage shi, a shafa siriri, a danna hoda da soso maimakon a share da buroshi, a jira minti goma kafin a rufe. Niƙabin kuma a wanke shi kullum, don ƙurajen da ke fesowa a haɓa da gefen hanci yawanci daga wannan haɗin na gumi da maiƙo da gugar yadi suke, ba daga abinci ba. Ni a ganina, wadda za ta wuni a rufe, asara ce ta shafa fandeshan a ƙasan fuska. Ta kashe kuɗin a kan jagira mai kyau da gazal da ba ya zuba.

Sai maganar da masu talla ba sa taɓowa. Rufin nan da ke sa kwalliya ta jure gumi, shi ne dai ke korar ruwa. Hukuncin sananne ne, abin da ke da jiki ya hana ruwa isa ga fata sai an cire shi kafin alwala, launi marar jiki irin na lalle ba ya hanawa. Ashe kwalliyar da aka yi wa tallar awa 24 ba ta da amfani ga mai salla biyar da rana, ta biki ce, a yi ta bayan Isha'i. Ruwa da sabulu kaɗai ba sa fitar da ita. Sai an fara da mai ko ruwan goge kwalliya, a murza kamar minti ɗaya a busasshiyar fuska, sannan a bi da sabulun fuska. Jan farcen da ake sayarwa da sunan yana numfashi kuwa, wucewar tururi daban, ruwa ya wanke farce daban, balle in an shafa shi sau biyu aka bi da mai ƙyalli. Malamai da yawa ba su gamsu da shi ba, kuma kalmar halal da kamfani ya buga a kwalba ba fatawa ba ce.

Zafin yana lalata kayan tun kafin su hau fuska. Motar da aka ajiye a rana cikinta yana wuce digiri 60, kakin zuman da ke riƙe jambaki kuma a 62 zuwa 64 yake narkewa, tun kafin nan ma ya yi laushi ya karkace. In kin buɗe sabon jambaki kika ga 'yan ɗige-ɗigen mai a jikinsa, ya sha zafi a hanya. Haka man fuskar da ya tsinke, mai a sama ruwa a ƙasa, ko ya canja wari. Masu oda ta intanet da rani su buɗe kwali a ranar da ya iso, kada a ajiye sai ranar buƙata. A gida kuma wurin kayan kwalliya ɗaki ne mai sanyi, a cikin durowa. Banɗaki da jakar hannu da aljihun mota ba wurinsu ba ne.

Farar hodar nan mai laushi da ake cewa ba ta da kala, a fatarmu tana da kala. In Silica ce ta zo farko ko ta biyu a jerin, filasha na dukanta za ta mayar da hasken, hoton ya fito da farin faci a ƙasan ido da goshi, alhali a madubi ba a ga komai ba. Ko an karɓe wayoyi a ƙofar zaure, mai ɗaukar hoton amarya da filasha take aiki. Gwajin ba wuya: ki gama kwalliya, ki kashe fitila, ki ɗauki kanki da filashar waya. Abin rufe duhun ƙasan ido kuma kada ya fi fatarki haske da fiye da mataki ɗaya. In duhun ya yi yawa a fara ɗiga mai ruwan lemo ƙanƙani a kashe shi, sannan a rufe. Tula hoda a ƙasan ido a bar ta ta zauna yana yi wa 'yar shekara ashirin kyau a bidiyo, amma a fatar da mukayyif ya busar yana fito da duk wani layi.

Akwatin kalar ido mai gida goma sha takwas, uku za ki yi amfani da su. Masu hasken cike suke da farin launi, a fatar idonmu duk alli suke komawa. Jambakin da ake kira Nude ma haka, an auna shi ne da leɓen wasu, sai an zagaye shi da fensir ruwan ƙasa kafin ya zauna. Jambaki mai ruwa da ke bushewa ƙam kuma yana fasa leɓe in an maimaita shi kullum.

Abin da ke bayan kwalba

A man fuska da ruwan gyaran fata, gaban kwalba talla ne. Za a zana zinare, za'afaran, man argan ko zuma da manyan haruffa. Ki juya. Ana jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a sauko ga waɗanda ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba, su kuma a jera su yadda aka ga dama. Akwai wani sinadarin hana lalacewa, Phenoxyethanol, da dokar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 1 ba. Duk abin da ya zo bayansa, to bai wuce kashi 1 ba. In man argan da aka sayar miki da sunansa yana can ƙasa da shi, ruwa da gilisarin kika saya da tsadar argan. Akwai masu aiki ko da kaɗan ne, irin su Retinol da Hyaluronic Acid, amma mai da tsirrai ba sa cikinsu.

Bitamin C, wanda ake rubutawa Ascorbic Acid, yana aiki a kashi 10 zuwa 20, sai dai iska da haske da zafi suna kashe shi. Sabo garau yake ko ruwan rawaya-rawaya. In ya koma ruwan lemo mai duhu ko ruwan ƙasa ya tashi aiki. Kwalba garai-garai mai abin ɗiga da ake buɗewa kullum kyan gani kawai gare ta, a garin nan mai duhu mai famfo ta fi. Ki duba kuma zanen 'yar buɗaɗɗiyar roba mai 6M ko 12M ko 24M, watannin da kayan za su yi ne bayan an buɗe. Maskara wata uku ne, ko ta ƙare ko ba ta ƙare ba, kuma ba a ɗiga mata ruwa in ta bushe, ba a aron ta. Nauyin kwalba ma kada ya ruɗe ki. Wata gilashi ce mai kauri da murfi mai ruwan gwal, abin ciki mililita 15, ta kusa da ita a saidaliyya, wato kantin magani, robar banza ce mai mililita 50. Raba kuɗin da mililita kafin ki ce wannan ya fi wancan tsada.

Lambar SPF, ma'aunin kariya daga rana, da ke jikin fandeshan ita ma tana sa mata sakaci. Ana auna ta ne da shafi mai kauri, miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fata, wato kusan rubu'in ƙaramin cokali ga fuska. Babu mai shafa fandeshan haka. Man kariya daga rana sai an shafa nasa daban, layi biyu tsawon yatsa biyu, kafin kwalliya. In mai Zinc Oxide yana sa ki fari, ki nemi mai kala, wanda ke da launukan tsatsar ƙarfen nan. Yana shiga fata, kuma yana tare hasken rana na ido wanda ke ƙara duhun tabo a baƙar fata.

Khalɗa

Duk abin da ya gabata asarar kuɗi ce. Wannan asarar fata ce, wani lokaci har da ƙoda. Haɗin hasken fata da ake kira khalɗa, wanda ake sayarwa a roba ba suna ba jerin sinadarai, ta WhatsApp da Instagram ko a ɗakin baya na wani mashgal (shagon gyaran gashi da kwalliya), da sunan haɗin amare ko haɗin ganye zalla, ya fi kowane kaya jan hankali saboda yana aiki a sati ɗaya. Babu ganyen da ke canja kalar mutum a sati ɗaya. Abubuwa uku ke yin haka, kuma su ake zubawa. Na farko maganin ƙaiƙayi da kumburin fata mai ƙarfi, Clobetasol ko Betamethasone, wanda likita ke bayarwa na 'yan makonni a wurin ciwo kawai. Na biyu Hydroquinone, wanda magani ne da likita ke rubutawa na 'yan watanni, ba a yarda da shi a man shafawa ba. Na uku zaiba, wato makuri, da kan ɓuya da sunan Calomel ko Mercurous Chloride in ma an rubuta. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta hana ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan a kayan shafa, a 2023 kuma aka amince a hana ta gaba ɗaya.

Wata na farko fuska tana sheƙi, kowa yana tambaya. Daga baya fata ta yi siriri har koren jijiya ya bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a damtse da cinya da bayan gwiwa, ƙananan ƙuraje iri ɗaya su feso, gashi ya tsiro a gefen fuska, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi sauran hannu fari, ɗan ƙwarzane ya ƙi warkewa. Hydroquinone in an daɗe ana shafawa yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kunci da ke da wuyar magani ƙwarai. Maganin kumburin nan in ana shafe jiki da shi wata da watanni yana shiga jini, ya taɓa suga da hawan jini. Zaiba tana taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana kaiwa ga ɗan ciki da mai shan nono, har yaran da ke kwana a jikin uwa da masu amfani da tawul ɗinta.

Abin da ya fi ɗaure mata a wannan tarko shi ne ranar da suka bari. Fuska ta yi ja, ta yi zafi, ta yi duhu fiye da da, sai a koma a sayo wata robar. Wadda ta daɗe a kai kada ta yanke rana ɗaya, likitan fata ne zai sauke ta a hankali. Na san ba kowa ke samun sauƙin ganin likita a ƙasar nan ba, amma wannan ya cancanci a yi masa fafutuka, kuma a tafi da robar a nuna, a faɗi gaskiyar tsawon lokacin, ba abin kunya ba ne.

Khalɗa ce kuma ta sa muke raina kaya masu gaskiya. Niacinamide a kashi 4 zuwa 5, ko Azelaic Acid a kashi 10, sai sun yi sati 8 zuwa 12 ana shafawa kullum tare da kariyar rana kafin tabo ya fara dusashewa, kuma iyakarsu su mayar da ke kalarki ta asali. Wanda ya yi miki alkawarin fiye da haka, ko ƙarya yake ko akwai abin da ya ɓoye a ciki.

Kwalli da baƙin lalle

Kwallin ismid yana da daraja a zuciyar kowace Musulma saboda ya zo a hadisi, shi ya sa yake kan gaba a tsarabar Makka da Madina. Matsalar ita ce dutsen da ake niƙawa a sayar da wannan suna sau da yawa dutsen dalma ne, kuma ido ba ya bambance su. Wani bincike da aka yi a nan Saudiyya a 2004 ya samu kwallin da dalma ta haura rabin nauyinsa. Mu da muka san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu ranbaɗa wa jariri kwallin da ba mu san asalinsa ba. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, dalma kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Kwallin da aka ɗura a 'yar kwalba ba sunan kamfani ba jerin sinadarai, a bar shi a wurin mai shi.

Lalle na gaskiya ja yake kamawa, sai ya yi awanni a hannu, ya ci gaba da nuna har kwana biyu. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin rabin awa, dayis ke nan, rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda ba a yarda a ɗora shi a fata ba. Karon farko yana iya wucewa lafiya, ko kuma bayan kwanaki har zuwa sati biyu zanen ya kumbura ya yi ruwa daidai yadda aka zana furen, ya warke ya bar tabo. Jikin da ya taɓa ƙin sa kuma ya ƙi ke nan, ranar da aka rina gashi fatar kai da fuska su kumbura. Amarya ta tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba, ta ga kwalin da idonta. A mashgal ma, in ana miƙar da gashi da abin da suke kira furotin ko keratin, hayaƙi ya tashi ido ya hau yaji da hawaye, Formaldehyde ne, a kwalba kuma yakan zo da sunan Formalin ko Methylene Glycol.

Jabu da tsaraba

Wani kayan kuma bai ba ki kunya ba, don ba shi kika saya ba. A kasuwanni da shafukan intanet za ki ji ana cewa daraja ula, ko master, ko na gwaji ne da ya fito ta bayan fage. Duk sunayen jabu ne. Araha ba ta ado, abin da kantin kamfani ke sayarwa riyal ɗari biyu ba zai zo miki a talatin ba. Kwalin jabu yanzu yana kama da na asali ƙwarai, don haka a duba lambar haɗi da aka buga a gindin kwalba, dole ta yi daidai da ta kwalin. A shinshina, jabu yakan yi warin fenti ko turare mai hawa kai. A nemi fatura, wato rasiti, mai lambar QR da lambar haraji, wadda ta zama dole a shaguna tun Disamban 2021. Mai sayarwa ta intanet a nemi lambar rajistar kasuwancinta. Mai talla kuma tun 2022 sai da lasisin Mawthooq take talla, kuma wajibi ne ta bayyana cewa talla ce, don haka in kin ga kalmar i'ilan, wato talla da Larabci, a kusurwar bidiyo ki san biyan ta aka yi.

Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, SFDA, ita ke rajistar kayan kwalliya kafin su shiga kasuwa, kuma tana da manhajar Tameni da ake duba kaya da ita a waya. Rajistar ba ta nufin kayan zai dace da fatarki, amma rashinta ya isa dalilin a ajiye shi.

'Yan'uwanmu da ke zuwa Umara da Hajji su fi kowa kula, don su ake jira da irin wannan kaya a shagunan da ke kewaye da masauki, ga gaggawa, ga sunan kayan Saudiyya da ke da kwarjini a gida. In sun tambaye ki, ki raka su saidaliyya ko kantin da ke ba da fatura. Fandeshan ba ya tsaraba, tunda ba a zaɓar wa mutum kala a bayan idonsa. Hoda da fensirin ido da jagira sun fi jure zafin hanya a kan jambaki da man fuska. In kaya ya ƙona fata ko ya sa ido kumburi, a daina shi nan take, a ɗauki hoton wurin, a kira SFDA a 19999. In jabu ne ko an ƙi ba da fatura, Ma'aikatar Kasuwanci ce a 1900. Kwalin da faturar kuma a ajiye su har kayan su ƙare, don da su ake shigar da ƙara.